Matar da ke yanka zafi gunduwa-gunduwa

Abu na farko da take yi idan ta shigo ofis shi ne cire takalmi. Ƙafafunta sun daɗe da fara kumbura, don haka akwai wasu tsofaffin silifa da ke jiran ta a ƙarƙashin tebur, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da waya. Sai ta kunna kwamfuta ta bar ta tana nishi, ta ɗauki kofin shayinta ta gangara ɗakin gwaji tana dafa bango. A can za ta gaisa da mai walda, ta tambayi ciwon bayansa, shi ma ya tambayi ƙafarta, kowa ya ce da sauƙi alhali sauƙin bai zo ba. Daga nan ta tsaya bayan gilashin kariya tana kallon allurar na'urar awon matsi har shayin ya huce a hannunta. In ta koma sama, ba a sake jin motsinta sai azahar.

A wurin aikin Gunduwa ake kiran ta. Manya su faɗa a bayan idonta, ƙanana su ce Anti Gunduwa a gabanta, ba ta taɓa nuna ta damu ba. Kwanan nan ta ajiye aiki bayan shekaru masu yawa. Ba a yi wani taro ba, an dai haɗa mata kwali, an raka ta bakin ƙofa. Shi ya sa na ga ya kamata wani ya tsaya ya faɗi abin da idanu suka gani, tun masu idanun suna nan.

Ma'aikatar tana ƙera na'urar musayar zafi. Faranti ne na ƙarfe, sirara, kowanne an zana masa hanyoyi ƙanana waɗanda ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba. Ana jera farantan ɗaya kan ɗaya, a danne su cikin wuta har su zama dunƙule guda, abin da ma'aikata ke kira bulo. Abu mai zafi ya bi wasu hanyoyin, mai sanyi ya bi na kusa da su, ba sa haɗuwa, amma zafin ya ratsa ƙarfe ya koma daga wannan zuwa wancan. Da zarar an danne bulo, magana ta ƙare. Ba a kwance shi, ba a leƙa cikinsa, ba a ƙara masa hanya ko ɗaya. Duk gyaran da za a yi sai a yi shi tun yana zane. Aikinta ke nan: ta gina bulon da lissafi a kwamfuta kafin a gina shi da ƙarfe, ta faɗi yadda zafi zai yi tafiya a wurin da ido ba zai taɓa shiga ba.

Abin da ke bin hanyoyin kuwa iskar kabon ce, irin wadda muke fitarwa da numfashi, sai dai an matse ta matsi mai tsanani har ta kai halin da ba a ce mata iska, ba a kuma ce mata ruwa. A wannan halin tana juya injin wutar lantarki da kyau cikin na'ura ƙarama. Amma akwai wata 'yar iyaka, kusa da ɗumin jikin mutum, inda take sauya hali. Ka ɗura mata zafi ta shanye ba ta nuna ba. Ka zo cire shi, ka yi ta cira ba ta huce ba. Gunduwa takan ce a wurin nan iskar ta cika zurfin ciki, fuskarta ba ta faɗin abin da ta ƙunsa.

Tsohuwar hanyar injiniyoyi ita ce a duba zafin bakin shiga da na bakin fita, a ɗauki tsaka-tsaki, a lissafa girman bulo. Ga ruwa da mai, hanyar ba ta ƙarya. Ga wannan iskar tana yaudara. Zafi ba ya tafiya sai da tazara tsakanin mai zafi da mai sanyi, kamar yadda ruwa ba ya gudu sai da gangare. Bakuna biyun suna iya nuna gangare mai kyau, alhali can tsakiyar bulo ƙasa ta baje, zafin ya tsaya cak. Don haka Gunduwa ba ta yarda da baki. Sai ta yanka bulon a lissafi gunduwa-gunduwa, ta bi kowace gunduwa da halin da iskar ke ciki a daidai wurin, ta miƙa wa ta gaba. Aiki ne mai cin rai da cin ido. A nan sunan ya samo asali, kuma wanda ya fara laƙaba mata shi ba yabo ya nufa ba, haushin jira ne.

Mai walda ya ba ni labarin wata shekara da abin da aka auna a ɗakin gwaji ya saɓa wa lissafinta. A irin wannan, mai lissafi kan ce na'urar awo ce ta lalace, mai awo ya ce lissafi ne ya karkace, a kwana ana nuna wa juna yatsa. Ita da kanta ta fara tuhuma. Makonni ta yi tana tonon lissafinta kamar mai neman allura a cikin yashi, ba ta sami komai ba. Daga baya aka gano wata wayar awo ce ta saki a jikin bututu. Mai walda ya ce ya hau sama da gudu don ya yi mata albishir cewa ita ce da gaskiya, sai ta ɗago ta dube shi da jajayen idanu ta ce yanzu dai ta san waya tana iya ƙarya, kuma makonnin nan sun nuna mata wurare biyu da lissafin zai iya ƙarya wata rana. Ta koma kan aikinta. Ya ce ya sauko da albishirinsa a hannu, bai sami inda zai ajiye ba.

Anti, ke ce mai auna abin da ba a gani. Ke ce wadda in ta ce ban sani ba tukuna, ɗaki ya yi tsaki, amma kowa ya koma gida ya yi barci da ido biyu a rufe.

Mijinta tela ne, mutum mai baki, wanda in ya hau keken ɗinki duk layin ya san ya hau. Injiniya yake kiran ta, da wata irin murya da ba ka rabe girmamawa da tsokana. Yakan ce gidansu duk mayanka ne, sai dai shi in ya yanka yadi ana ganin riga, ita kuwa tana yanka iska ba a ga ko aljihu ba. Ita ba ta ramawa, murmushi kawai take yi ta ci gaba da cire ɗankunne. 'Ya'yansu sun ce sun tashi sun tarar da maganar gidan gaba ɗaya a bakin uba take, uwa tana sauraro, kuma kowa ya gamsu da rabonsa.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun dama ya mutu, ƙafar ta yi nauyi, harshe ma ya yi nauyi amma bai tsaya ba. Yana magana a hankali, yana barkwanci da gefen baki ɗaya. Likita ya gaya musu cewa watannin nan na farko su ne masu daraja, yana buƙatar wanda zai zauna da shi yana jan sa da hira, yana motsa masa hannu, don harshen da ba a amfani da shi yakan kwanta. Ya kuma ce ciwon yana iya dawowa, babu mai ba da tabbaci. A makon ta nemi a sallame ta daga aiki, aka sa mata ƙarshen wani wata. Autarsu, wadda ke aure da aiki a wani gari, ta ɗauki hutu ta zo da jaririyarta don ta riƙe gidan zuwa lokacin. Hutun Auta da aikin uwa rana ɗaya za su ƙare. Haka aka tsara, haka ta yi wa mijin alkawari a gaban 'ya'yansa.

A makonta na ƙarshe ma'aikatar tana kammala wani babban aiki, na wata masana'anta da ke son mayar da zafin da ke tashi a banza daga tanderunta ya zama wutar lantarki. Babban bulon ita ta lissafa shi tun kafin ciwon maigidan. Ƙaramin, wanda ruwa ke sanyaya iskar a cikinsa kafin ta sake zagayowa, an bar wa Dogo. Dogo injiniya ne da furfura ta fara fito masa, ya daɗe yana zana na'urorin sanyaya ruwa da mai a wani wuri kafin ya zo nan, kuma wannan ne karo na farko da aka ba shi jagorancin aiki. An gama zanen, an manna shi a bangon baranda, manya sun sa hannu, saura a tura farantai wurin zane hanyoyi.

Mai shara ce ta ga abin da ya faru. Ta ce Gunduwa ta fito daga ofis ɗauke da kwalin littattafanta, ta zo wucewa ta gaban zanen, sai ta rage tafiya. Ta ajiye kwalin a ƙasa, ta matsa kusa, ta ɗaga tabarau. Ta daɗe a tsaye. Sai ta sunkuya ta ɗauki kwalin ta nufi matattakala, har ta sauka rabi. Mai shara ta ce ta ji silifan sun tsaya, shiru, shiru, sannan ta ji suna hawowa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke kan ma'auni a tsakiyar matattakalar nan. Babu wanda ya tambaye ta. Babu sa hannunta a zanen. Kuma kuskuren ba irin mai fashewa ba ne, ba wanda zai ji rauni. Bulon zai yi aiki, sai dai ba zai taɓa sanyaya iskar yadda aka yi alkawari ba, injin ya yi ta ba da wuta ƙasa da ƙima, a daɗe ana neman dalili, in an gano a duba sunan wanda ya zana. Lokacin ita ta daɗe a gida. Da ta ƙarasa sauka, ko mai tsananin son ganin laifi ba zai ce ta yi laifi ba.

Ta kira Dogo ofishinta, wanda babu komai a cikinsa sai tebur da kujeru biyu.

"Zauna, Dogo. Ƙaramin bulon nan, gunduwa nawa ka yi masa?"

"Anti, ai wannan ruwa ne kawai ke sanyaya shi. Na duba baki da baki, tazarar ta wadata har da rara."

"Baki da baki," ta maimaita a hankali. "Cikin fa?"

Dogo da bakinsa ya gaya mini cewa bai buƙaci ƙarin bayani ba. Nan take ya gane kuskurensa, don a wannan ƙaramin bulon ne iskar ke ratsa iyakar da take sauya hali, kuma ya sani, ya karanta, har ya taɓa koya wa wani. Hankalin kowa ya tafi kan babban bulo, shi kuwa hannunsa ya bi hanyar da ya saba bi shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya fara ba ta haƙuri, ta ce ba ita ya ɓata wa ba, kuma hannun da ya saba ba ya neman izinin kai.

Gyaran ba na yini ɗaya ba ne. Sai an yanka bulon a lissafi, an sake tsawonsa da yawan hanyoyinsa, sannan a ƙera ɗan samfuri a gwada, don a wannan iyakar lissafi shi kaɗai ba abin jingina ba ne. Ga kuma abin da kowa ya sani amma ba a faɗa: manhajar da ake yankan da ita, Gunduwa ce ta gina ta a hankali cikin shekaru, faci kan faci, kuma ita kaɗai ta iya tuƙa ta. Ba ɓoyewa ta yi ba. Kawo mata aiki a karɓi amsa ya fi zama a koya sauƙi, kowa kuma ya bi sauƙi. Shugaban sashe ya saurare su ya shafa kai, ya ce shi ba zai roƙe ta ta ƙara ko kwana ɗaya ba, ya san halin da gida ke ciki. Ya faɗa yana kallon ta. Akwai roƙon da ya fi wannan nauyi?

Da la'asar ta kai maganar gida. Maigidan yana jingine a kujerarsa kusa da taga, Auta tana shayar da jaririya. Auta ba ta bari ta kai ƙarshe ba.

"Mama, ƙarfe ne fa. Baba mutum ne."

Telan ne ya motsa, ya tattaro kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko mutumin zai rasa aikinsa. Ta ce ba yanzu ba, wataƙila nan gaba. Ya tambaya ko yana da iyali, ta ce yana da su. Sai ya ce rigar da aka yanka ba daidai ba, ɗinki ba ya ceton ta.

"Je ki, Injiniya. Ni ina za ni? Ƙafa ɗaya ta rage mini, ita ma ba ta jin magana."

Auta ta ce sun yi dariya dukansu, amma bango yake kallo da ya faɗa, kuma har yau ba ta san ko daga zuciya izinin ya fito ba. Ni ma wannan ya tsaya mini a rai. Mutumin da duk rayuwarsa aka san shi da sakin fuska, ta yaya zai ce wa matarsa zauna, ki bar wani ya faɗi? Izinin wanda ba shi da hanyar hanawa, izini ne kuwa? Na juya tambayar ta kowace fuska ban sami inda ta zauna daidai ba.

Ta koma aiki. Auta ta koma garinta da fushin da ba ta ɓoye ba. Ƙanwar telan ta zo ta zauna da shi, mace mai kirki da tsafta, amma ba ta da hira, takan kunna masa talabijin ta shiga kicin.

A nan ne Gunduwa ta yi abin da ya fi ɗaure mini kai. Da ta zauna ita kaɗai ta yi lissafin, da ta gama cikin rabin lokacin ta tafi gida. Sai ta ƙi taɓa kwamfutar. Ta zaunar da Dogo da wasu injiniyoyi biyu, ta ja kujera gefe, ta ce su yanka. Su yi kuskure ta bar su har su gani da kansu, su koma baya su sake. Mai walda ya rantse ya gan ta zaune a kan tafukan hannayenta, don kada su kai wa madannai cafka. Wata rana Dogo ya kasa jurewa.

"Anti, don girman Allah ki karɓa ki yi, ki tafi wurin Baba. Mu za mu koya daga baya."

"Daga baya a wurin wa?" ta ce. "Koma gunduwa ta farko, ka tsallake wani abu."

Watanni aka ɗauka. Bulon ya fito ya fi na farko tsawo, aka gwada samfurin, awo da lissafi suka zo kusa da juna yadda ake so. Ranar ba ta sauka ɗakin gwaji ba, ta ce su je su gani, nasu ne.

Cikin waɗannan watannin maganar telan ta yi ta raguwa. Da farko barkwancin ne ya tafi, sannan dogayen jimloli, sannan sunayen jikoki. Wata safiya ciwon ya sake taɓa shi, ba da ƙarfi ba, amma ya kwashe ɗan abin da ya rage a harshen. Auta ta tambayi likita ko da mahaifiyarta tana gida da abin bai kai haka ba. Likita ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Da wannan amsar iyalin suke zaune, kowa ya ɗauki ɓangaren da zai iya ɗauka.

Yanzu tana gida. Yana gane ta, idonsa na bin ta duk inda ta yi a ɗaki. Matar da ta yi rayuwarta tana sauraro, ita ce ke magana daga safe zuwa yamma. Tana ba shi labarin layi, wa ya yi aure, wa ya tashi, wane tela ne ya ɓata wa wa yadi. Ba ta iya ba sosai, takan tsaya a tsakiyar labari ta rasa inda za ta bi, sai ta kama hannunsa na dama ta ci gaba da murzawa. Da na je gaishe su na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko tana nadama. Ba ta ji haushi ba. Ta ce wasu ranakun e, wasu a'a. Ta ce yau dai a'a, ya ci abinci sosai.

Ban rubuta wannan don in ce ta zaɓi daidai ba. Wanda ya ce ya tabbata, bai zauna a ɗakin nan ba. Abin da na sani shi ne ta ga abu, ta san ganin zai ci mata abin da ba a mayarwa, ta hau matattakalar duk da haka. Ke ce kika ɗauke wa wani kunyar da bai san tana tafe ba. Ke ce kika zauna a kan hannayenki alhali zuciyarki tana gida, don kada a sake tsare wata a bakin ƙofa kamar yadda aka tsare ki. Mun gode, Anti. Allah ya ba maigida sauƙi, ya sanyaya zuciyar Auta, ya ba ƙafafunki hutu.

Ku kuma da ke karantawa, kusan kowace ma'aikata tana da irinta, mutum ɗaya da ake kai wa abu mai wuya a karɓo amsa a ce an gode. Ku yi koyi da ita wajen duba ciki, ko da baki ya nuna lafiya. Amma kafin nan, ku ja kujera ku zauna kusa da naku tun yana da lokaci, ku koyi abin da ya iya, don ranar da gida ya kira shi ya tafi ba tare da waiwaye ba. Wanda kuma ya san gidan nan, ya je ya zauna ya yi wa telan hira. Har yanzu yana ji, ita kuwa muryarta ta fara dishewa.